Taimakon Masu Nakasa: A Hannun Wa Ragamar Take?

Duk mai bibiyar labarai a ƙasar Hausa ya san wannan hoto. An kafa rumfa, an jera kekunan guragu sababbi fil, ga buhunan shinkafa da kekunan ɗinki a gefe, babban baƙo ya miƙa, an ɗauki hoto, an watse. Mafi yawan masu shirya irin wannan taro da zuciya ɗaya suke yi, kuma babu mai musun cewa keke ya fi rarrafe a cikin ƙura da rana. Amma da wuya ka ji an koma bayan wata shida an tambayi wanda aka bai wa keken ko ya yi masa daidai, ko da tayar ta fashe ya sami mai gyara, ko ƙofar ɗakinsa ma tana iya shigar da keken, ko makarantar da yake sha'awar zuwa tana da hanyar da zai hau. A ganina, yawan kayan da ƙungiya ta raba ba ya nuna amfaninta ga mai nakasa. Abin dubawa shi ne ko mutumin da ta taimaka ya ƙara samun iko da rayuwarsa, wato shi ke zaɓar inda zai zauna, da lokacin da zai fita, da wanda zai taimaka masa, da sana'ar da zai kama. Kuma idan aka bi tarihin wannan aiki a duniya, za a ga ƙungiyoyin da suka fi kai mutane ga wannan matsayi su ne waɗanda masu nakasar da kansu ke tafiyar da su.

Inda wannan tunani ya fara zama tsari sananne shi ne garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka. A shekarar 1953 cutar shan inna ta kama wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Ed Roberts, ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa, in ban da ɗan motsi a yatsu. Ko numfashi sai da taimakon wata ƙatuwar na'ura ta ƙarfe da yake kwana a cikinta. Hukumar jihar mai horar da masu nakasa domin su sami aiki ta duba shi, ta yanke cewa larurarsa ta yi tsananin da ba zai taɓa yin aiki ba. Duk da haka a 1962 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma da yake babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki na'urarsa, sai aka ba shi ɗaki a asibitin jami'ar. Cikin 'yan shekaru wasu ɗalibai masu irin larurarsa suka biyo sawu. A zaman da suka yi tare suka fahimci cewa yawancin abin da ke tauye su a waje da jikinsu yake: matakalar bene, da bakin titin da keke ba ya iya hawa, da rashin wanda zai gyara keke in ya lalace, da jami'in da ke ganin ya fi su sanin abin da ya dace da su. A 1972 waɗannan ɗalibai da abokansu na cikin gari suka kafa wata cibiya mai zaman kanta, ba don riba ba, domin taimaka wa masu nakasa su zauna a gidajensu cikin jama'a suna tafiyar da harkokinsu. Roberts ya shugabanci cibiyar daga baya, kuma a tsakiyar shekarun 1970 Gwamna Jerry Brown ya naɗa shi shugaban hukumar nan da ta taɓa cewa ba zai yi aiki ba.

Ayyukan cibiyar ba su da wani ƙawa, shi ya sa ma suka cancanci a tsaya a kansu. Tana ajiye sunayen mutanen da ke son aikin taimaka wa mai nakasa a gida, shi kuma ya zo ya zaɓa. Tana nema wa mutum gidan haya da keke zai iya shiga. Tana da wurin gyaran keke, domin wanda kekensa ya lalace ya zama ɗan kurkuku a ɗakinsa har sai an gyara. Tana bayyana wa mutum haƙƙinsa a doka, ta raka shi ofis in an hana shi. Abin da ya fi duka tasiri kuwa shi ne haɗa wanda larura ta sama jiya da wanda ya shekara goma a cikinta. Matashin da ya karye a ƙashin baya, likita zai gaya masa abin da ya lalace a jikinsa, amma wanda ya riga shi hawa keke ne zai nuna masa yadda ake sauka daga gado, da yadda ake kauce wa gyambon zama, da cewa aure da haihuwa da kasuwanci duk suna nan suna jiransa. A 1978 majalisar dokokin Amurka ta amince gwamnatin tarayya ta riƙa ba irin waɗannan cibiyoyi kuɗi, kuma yanzu akwai ɗaruruwansu a faɗin ƙasar. Dokar da ke tafiyar da su ta gindaya sharaɗin cewa fiye da rabin kwamitin gudanarwa da na ma'aikata su kasance masu nakasa. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan tsarin baki ɗaya, domin wanda ke zaune a kujerar yanke shawara shi ke tantance abin da za a kira matsala.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a kawar tun da wuri. Ba a nufin mai nakasa ya yi komai da hannunsa. Roberts bai sake iya sa wa kansa riga ba har ya rasu a 1995. Abin da ake nufi shi ne taimakon da yake samu ya bi umarninsa. Mutumin da za a yi wa wanka da ƙarfe bakwai saboda yana da aiki ƙarfe tara, da mutumin da za a yi wa wanka duk lokacin da mai yi ya ga dama, hidima iri ɗaya suka samu, amma na farko ne kaɗai zai iya riƙe aiki. A Suwidin, Adolf Ratzka, wanda shi ma shan inna ta shanye, ya jagoranci kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a birnin Stockholm a shekarun 1980, inda membobi ke ɗaukar mataimakansu da kansu, su koya musu aiki, su sallame su in ba su gamsu ba. A 1994 ƙasar ta mayar da samun irin wannan mataimaki haƙƙi a doka ga masu larura mai tsanani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006, ta ware sashe na 19 ga wannan batu na zama cikin jama'a da 'yancin zaɓi. Nijar ta tabbatar da amincewarta a 2008, Najeriya kuma a 2010.

Ƙorafin farko da mai karatu zai iya yi shi ne wannan al'adar Turawa ce ta kowa tasa ta fisshe shi, mu kuwa muna da zumunci, ba ma yar da namu. Akwai gaskiya a nan. Gidan gandu ya riƙe makafi da guragu da tsofaffi tun kafin a san wata ƙungiya, kuma ba mu gina manyan gidajen killace nakasassu irin waɗanda Turai da Amurka suka sha wahalar rushewa ba. Amma a duba a kan wa nauyin ke sauka a cikin gidan. Kusan kullum uwa ce, ko mata, ko 'yar'uwa, wadda ta bar sana'arta ta zauna. Ko kuma yaro ne aka cire daga makaranta ya zama ɗan jagora, ya ƙare ƙuruciyarsa riƙe da sanda, ya girma ba karatu ba sana'a. Makantar mutum ɗaya ta cinye rayuwar mutum biyu ke nan. Ranar da uwar ta rasu kuma, sai ka ga wanda aka shekara talatin ana yi wa komai bai san hanyar kasuwa ba. Akwai kuma gidajen da saboda kunya ko tausayi suke ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, ba makarantar allo ba ta boko. Koya wa makaho tafiya da farar sanda, ko koya wa iyayen kurma maganar hannu, sauke wa zumunci kayan da ya fi ƙarfinsa ne. Kuma tsarin ya kama a wuraren da iyali ke da ƙarfi. A Japan an buɗe cibiya irin ta Berkeley a garin Hachioji a 1986. A Soweto ta Afirka ta Kudu, tun zamanin wariyar launin fata, Friday Mavuso da 'yan'uwansa masu shanyewar ƙafafu suka kafa ƙungiyar taimakon kai a 1981, suka buɗe wurin aiki inda suke yi wa kamfanoni kwangila.

Ballantana ma shugabancin masu nakasa a kan al'amuransu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A manyan garuruwanmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, suna da fadawa, suna sasanta rigima, suna karɓar baƙo daga wani gari, suna tsayawa a biki da rasuwa, kuma su ne bakin jama'arsu a gaban sarki. Abin da ya rage wa wannan tsohon tsari shi ne yawancin ƙarfinsa ya tafi wajen tsara bara da rabon sadaka, saboda ƙofar da al'umma ta bar musu a buɗe ke nan. A tarihin addini ma akwai abin koyi. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa yana ja wa mutane salla idan ya fita daga garin. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma har yau malamai a jami'o'i suna nazarin aikinsa. Al'ummar da ta san waɗannan ba ta da hujjar ɗaukar makanta a matsayin takardar izinin bara.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin wuraren ƙera keke. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa tana da wurin walda inda membobinta ke ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, kuma sun shiga gangamin rigakafi suna nuna wa iyaye da jikinsu abin da ƙin allura ke jawowa, har aka kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. A Jos akwai cibiyar Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan, wanda shan inna ta kama yana yaro kuma ya karanta shari'a, ya jagoranci kafawa. Ta ƙera dubban kekuna ta raba, kuma da yawa daga cikin ma'aikatanta masu nakasa ne. Dalilin da ya sa irin wannan keke ke daɗewa a hannun mai shi a bayyane yake. Wanda ya ƙera shi ya san yashi da kwata da ramin titi, ya yi amfani da taya da sarƙa irin na keken hawa, don haka kowane mai faci a bakin hanya zai iya gyarawa. Keken asibiti da ake shigowa da shi daga waje an yi shi ne domin daɓen siminti mai santsi, kuma in ƙaramar tayarsa ta gaba ta karye, sau da yawa ya tashi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin cewa a auna mutum kafin a ba shi keke, a ba shi matashin zama da ya dace, a koya masa amfani da shi, a kuma bibiye shi, domin keken da bai yi daidai ba yana jawo gyambon da kan yi kisa. Rahoton da hukumar ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 a duniya suna buƙatar wani kayan taimako kamar keke ko tabarau ko na'urar ji, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu. Giɓi irin wannan ya fi ƙarfin rabon bikin shekara. Sai an sami masu ƙerawa da masu gyarawa a kowane gari.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Za a ce sadaka ibada ce, kuma bara, duk da ƙasƙancin da ke cikinta, tana ciyar da iyali. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ke maganar dogaro da kai ya manta da shi zai cutar da mutanen da yake son taimako. Gurgun da ke samun abin cefane a bakin danja ba zai bar wurin ba saboda an ba shi horon sati biyu na haɗa sabulu da takardar shaida, alhali babu jari, babu rumfa a kasuwa, babu mai saye. Haka kuma kwashe mabarata daga titi da mota ba tare da an buɗe musu wata ƙofa ba, ɓoye talauci ne daga idon masu wucewa. Abin da ya kamata a sauya shi ne inda dukiyar alheri ke zuba. Kuɗin da ke fita naira hamsin-hamsin ta tagar mota, da zakkar da attajirai ke fitarwa, da abin da hukumomin zakka da wakafi na jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara ke tarawa, wani kaso daga ciki zai iya biyan kuɗin makarantar yarinya kurma, ko ya gina wurin gyaran keke a matsayin wakafi, ko ya ba tela makaranciyar rubutun makafi jarin da zai kai ta gaci. Ladan mai bayarwa bai ragu ba don kyautarsa ta raba mutum da roƙo.

Sai batun kuɗi. Amurka da Suwidin ƙasashe ne masu arziki, mu kuwa asibitocinmu ma suna kuka. Dole a yarda cewa biyan mataimaki albashi ga kowane mai larura mai tsanani abu ne mai tsada, kuma ko a Amurka ɗaruruwan dubban mutane suna kan layin jiran wannan hidima, masu yin ta kuma albashinsu ƙanƙani ne har ana rasa masu yi. Amma babban ɓangare na aikin ba ya cin kuɗi sosai. Haɗa sabon majinyaci da tsohon hannu, ko tara bayani kan makarantar da ke karɓar makafi, irin ta Gindiri a Filato ko ta Tudun Maliki a Kano, ko raka mutum ofis, duk jajircewa suke buƙata fiye da kuɗi. Yin gangare a ƙofar masallaci ko asibiti ko aji tun lokacin gini ɗan ƙari ne a kan kuɗin siminti, sai an bari an gama ne yake zama aiki. Kuma barin mutum a zaune ma yana da tsada, illa dai iyali ne ke biya a ɓoye, ba ya fitowa a kasafin gwamnati.

Wasu kuma na ganin ƙungiyoyin sa-kai suna ɗauke wa gwamnati nauyin da ke kanta ne. Haɗarin yana nan, musamman ga ƙungiyar da ta tsaya ga rabon kaya. Amma cibiyoyin da masu nakasa ke jagoranta sun kasance masu matsa wa hukuma lamba. A 1977, da gwamnatin Amurka ta yi ta jan ƙafa wajen sa hannu kan ƙa'idojin aiwatar da dokar hana wariya ta 1973, masu nakasa ƙarƙashin jagorancin Judy Heumann da abokanta suka mamaye wani ofishin gwamnatin tarayya a San Francisco kusan wata guda, har aka sa hannu. Daga wannan gwagwarmaya aka kai ga babbar dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990. A Najeriya ma, shekaru da dama na matsin lamba daga haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, da ire-irenta ne suka kai ga dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wa mai nakasa wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta hana amfani da mai nakasa wajen bara, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. An kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, kuma a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan ya jagorance ta. Wa'adin shekara biyar ya cika a Janairun 2024, kuma duk mai shiga bankuna da kotuna da sakatariyoyi ya san matakala na nan inda take a mafi yawansu. Doka ba ta aiwatar da kanta. Tana buƙatar ƙungiya a kowane gari da za ta rubuta ƙorafi, ta kai ƙara, ta koma gobe.

Ba na cewa duk ƙungiyar da masu nakasa ke shugabanta ta tsira daga aibi. Wata takan zama mallakar mutum biyu ko uku, maza, 'yan birni, masu Turanci, alhali mace kurma a ƙauye ko zabiya mai fama da ciwon fata ba a jin muryarsu. Wata kuma takan sauya manufa duk shekara don bin abin da masu ba da tallafi daga waje ke so. Maganin wannan shi ne zaɓe na gaskiya, da bayyana kuɗin shiga da fita, da ba mata kujeru. Mayar da ragamar ga masu lafiya don su yi musu tunani ba zai gyara komai ba. Tambaya mafi wuya ita ce ta masu taɓin hankali da masu raunin fahimta, waɗanda ake ganin ba za su iya zaɓa wa kansu ba. A Amurka, shari'ar wasu mata biyu a jihar Jojiya, waɗanda aka ci gaba da tsarewa a asibitin ƙwaƙwalwa bayan likitoci sun ce za su iya zama cikin jama'a, ta sa Kotun Ƙoli ta yanke a 1999 cewa killacewa ba bisa dalili ba wariya ce. A nan gida, samamen da 'yan sanda suka kai wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019 ya fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawa iyalansu ne suka kai su saboda sun rasa inda za su nufa. Mutumin da ba zai iya yanke babbar shawara shi kaɗai ba yana iya nuna abincin da yake so, da wanda yake jin daɗin zama da shi, da wanda yake tsoro. Aikin ƙungiya shi ne ta tsaya wa iyalin da magani da shawara da wurin da zai wuni cikin mutunci, domin kada sarƙa ta zama abin da ya rage musu.

Saboda haka ina kira ga mai hali da ke shirin ba da tallafi, da kwamitin masallaci ko coci, da shugaban ƙaramar hukuma: kafin ku sayi keke ɗari ko ku kafa rumfar rabo, ku nemi ƙungiyar masu nakasa ta garinku, maza da mata, ku zauna da su ku tambaye su abin da ke hana su fita, da karatu, da neman na kansu. Ku tambayi duk ƙungiyar da ta zo neman kuɗi da sunansu mutum nawa daga cikinsu ke kwamitinta, kuma nawa ta ɗauka aiki. In za ku yi gini, ku kira mai keke ya gwada ƙofar tun siminti bai bushe ba.